Fanken Asabar a Hannun Magini

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, mun baza kunne."

Tun ranar da Baba Magini ya ce a'a, Auta ba ta ƙara cin abinci ya zauna mata a ciki ba.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, ita kaɗai kuma ta rage masa a gida. Yayyenta maza duk sun yi aure sun watse, kowa da inda neman abinci ya kai shi. Mahaifiyarsu Allah ya yi mata rasuwa tun Auta tana sakandare. Daga nan gidan ya zama na mutum biyu, tsoho da 'yarsa, sai rediyon da ke raba musu shiru. Shi kuwa ba ya kiranta da komai sai Uwata.

Kada ku ɗauka yarinya ce ƙarama. Ta gama karatunta, tana koyarwa a firamaren da ke bayan layinsu, ta san ciwon kanta. Ba mai ɗaura mata auren da ba ta so, Baba ma bai taɓa cewa zai yi ba. Sai dai ita ma ta ɗaukar wa kanta alkawari, ba za ta fita daga gidan nan ba sai da albarkarsa a kanta. To a nan gizo ke saƙar.

Wanda take so ana ce masa Dogo, mai gyaran injin jirgin ƙasa ne. Mutum ne mai ƙarancin magana, farcensa kuma ba ya rabuwa da baƙin mai ko da zai ƙarar da sabulun duniya. An yi masa canjin wurin aiki zuwa wata tasha mai nisan gaske, ranar Litinin zai tafi. Ya turo kawunsa wurin Baba, ya sake turowa. Da fari Baba ya ce nisa ya yi yawa. Da aka dawo ya ce aikin jirgi akwai haɗari. Da Auta ta matsa ya ce shi bai san dangin yaron sosai ba, alhali da kawun nan suka yi aikin wani asibiti tun suna samari. Dalilan Baba dai kamar katangar da ba tushe, ka jingina ka ji tana rawa.

A ɗaya gefen kuma ga Mai Kemis. Shagonsa na bakin layi, in ka yi tari a falon Baba zai ji ya aiko da magani. Shi ne ɗan takarar Gwaggo, yayar Baba, wadda ba a yanke magana a dangi sai ta sa bakinta. Kullum da yamma sai ya zo da na'urarsa ya auna wa Baba jini, ya zauna ya sha shayi, yana satar kallon ƙofar kicin. Mutumin kirki ne, ba wanda zai ce ga laifinsa. Sai dai so ba ya cikin kayan da ake sayarwa a kemis.

Ranar Juma'a da yamma Auta na dawowa daga shago da leda a hannu ta tarar da Dogo a ƙofar gida. Ƙwai ne a ledar, da cuku, da ayaba da tuffa, kayan fanken Asabar. Ko da zuciya na ciwo, hannu ba ya manta abin da ya saba.

Dogo ya ce mata ya yi tunani. Zai koma ofis ya ce ba zai tafi ba, in sun ga dama su sallame shi, gyaran janareta ma sana'a ce.

"Ka bar aikin da ka sha wuya a kansa saboda ni?" in ji ta. "Gobe in abubuwa suka yi tsauri ka dube ni ka tuna? Ban yarda ba."

"To ki faɗa mini yadda zan yi."

"Ka tafi."

"Auta."

"Ka tafi na ce. Tsohon nan shi ya yi mini uwa, ya yi mini uba. Da na kwanta asibiti a kan benci ya yi ta kwana da kayan aikinsa a jiki. Ba zan taka shi in wuce ba. Amma ka riƙe wannan, ba zan auri kowa ba."

Ta faɗa da ƙarfin hali, sai dai hawaye suka tona mata asiri. Dogo ya ciro hankici zai miƙa mata, ya ga duk baƙin mai ne, ya mayar aljihu. Abin ya ba ta dariya tana cikin kuka, dariyar kuma ta ƙara mata kukan. Ya ce shi dai yana nan har Litinin, wayarsa a kunne take. Ta gyaɗa kai ta shige, don in ta ƙara tsayawa za ta warware abin da ta faɗa.

A falo ta tarar da Gwaggo ta baje a kan doguwar kujera, Mai Kemis yana naɗe igiyar na'urarsa. Ya gaishe ta a kunyace ya fita. Ko takalminsa bai gama sawa ba Gwaggo ta buɗe wuta.

Ta ce Auta ta dubi idonta a madubi, sun kumbura kamar an harbe ta. Ta ce duk wannan a kan mai warin gas ne, ga mutum mai tsabta a bakin layi yana jira. Ta lissafa 'yan matan unguwa da za su yi rawa in Mai Kemis ya kalle su. Ta ce aure kusa da gida rahama ne, in ka yi atishawa a ce maka sannu. Baba yana zaune da rediyo a cinya, yana ta murɗa tasha. Halin ko-in-kulan nan ne ya tunzura ta, ta juyo kansa.

"Kai kuma ka daina kewaye-kewaye, wai nisa, wai haɗari. Ka faɗa mata gaskiya mana. Ko ruwan shayi ba ka iya dafawa. In yarinyar nan ta tafi, yunwa ce za ta kashe ka a gidan nan, kowa ya sani. Shi ya sa na ce a ba na kusa."

Baba ya kashe rediyo.

Auta ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Mutumin da ya gina rabin gidajen unguwar, yau ga shi an kwance masa zani a gaban 'yarsa. Ya dube ta ya tambaya ko ita ma haka take gani. Ta durƙusa a gabansa, ta ce kada ya saurari wannan magana, ita ta riga ta sallami Dogo yanzun nan a ƙofar gida. Ba inda za ta je.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Gobe in an karya kumallo zan faɗi maganata ta ƙarshe," ya ce. Ya tashi ya shige ɗaki.

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce ai kuwa a nan za ta kwana, da kunnenta za ta ji.

*

Ƙarar kankare kwano ce ta tashe Auta da safe, sai kuma ƙauri. Ta yi zumbur ta fito, a zatonta ta manta wani abu a kan wuta tun jiya.

A bakin kicin ta ja ta tsaya.

Baba ne a ciki. Ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, gemunsa duk fulawa. Ya ɗauko babban tiren da ake shanya kwanuka, a kai ya yi kwaɓinsa. Har ya tura guntun kwali a ƙarƙashin ƙafar murhun gas, wai bai zauna daidai ba.

Shi wannan fanke ba irin na tuya cikin mai ba ne. Na kasko ne, mai faɗi, mai kaurin tafin hannu, ciki laushi kamar auduga, da cuku da 'ya'yan itace a ciki. Marigayiya ta koya a wurin wata maƙwabciya da suka taɓa zama tare, ta mayar da shi abincin Asabar. Da ta rasu Auta ta ci gaba. Baba kuwa iyakarsa da shi ci da sa albarka.

A gefen murhu ga faranti, an jera waɗanda ya riga ya yi. Siraran gaske, baƙi-baƙi, gefensu a miƙe kamar an ja da zare. Baba ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a bakin farantin. Ya yi ƙara kamar tayal.

Auta ta sa ƙafa za ta shiga, ya ɗaga mata hannu.

"Tsaya nan, Uwata. Kin san ni. Ban taɓa miƙa wa mutum makullin gini ba sai na hau saman na taka da ƙafata na ji ko zai ɗauka. Gwaggonki ta ce ba zan iya riƙe kaina ba. Na ce bari in gwada, da abin da ya fi wuya a cikin girkinki. In ya tashi yadda naki ke tashi, na ba Dogo."

"In bai tashi ba fa, Baba?"

Ya juya yana kankare tiren.

Auta ta dubi tayal ɗin da ke faranti. Ta dubi ledar da ta kawo jiya. Ƙwai uku suka rage.

*

Ta roƙe shi da girman Allah ya bar ta ta shiga, ko riƙe masa kwano ta yi. Ya ce sam. Baki ya yarda, hannu bai yarda ba. Ai injiniya ma ba ya taɓa cokalin gini, tsayawa yake a inuwa yana surutu, a ƙarshe a ce shi ya gina.

Sai ta jawo ƙaramar kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta matse hannuwanta a tsakanin gwiwoyi don kada su ci amanarta. Ta tambaye shi yadda ya yi na farkon.

Ya faɗa mata da alfahari. Ya tara fulawa tsibi, ya haƙa rami a tsakiya, ya fasa ƙwai a ciki, ya tsiyaya madara. Ya juya ta nan, ya juya ta can, ya buga, ya sake bugawa har sai da ba ko ƙwayar gudaji. Ya ƙara wuta don ya kama da wuri. Da ya zuba a kasko ya bi da bayan cokali ya shafe, ya danne, ya daidaita saman sumul. Bekin foda kuwa, hodar da ke sa kwaɓi ya tashi, ya ga gwangwanin, amma bai san aikinta ba, shi kuma ba ya sa abin da bai sani ba a cikin kwaɓi.

Da ba rayuwarta ce a cikin kaskon ba, da Auta ta yi dariya har ta faɗi daga kujera.

Ta ce ya ajiye tiren nan, ya ɗauko kwano biyu, ya goge ɗaya ƙarau, kada a sami ko ɗigon mai. Ta ce ya raba ƙwan, fari a wannan, gwaiduwa a wancan. Yatsun Baba kaurara ne, siminti ya cinye musu laushi tuntuni. Ya fasa na farko lafiya. Na biyu ɓawon ya ruguje a hannunsa, gwaiduwar ta zame ta tsaya a tsakanin yatsunsa tana rawa. Auta ta rufe ido. Da ta buɗe ta ga ya tallabe ta kamar ɗan tsako, ya sauke ta a inda ya kamata.

Bugun farin ƙwai kuwa nan ya sami abin da ya iya. Ya riƙe maburgin ƙarfe ya shiga bugu ba tsayawa, kwanon na kuka, har ruwan nan ya zama kumfa, kumfar ta yi fari fat ta tsaya. Ta ce ya ɗaga maburgin ya gani. Tsinin kumfar ya miƙe bai kwanta ba. Baba ya dube shi, ya dube ta, ya ce ashe girki ma akwai aikin ƙarfi, da an faɗa masa da ya daɗe da shigowa.

A ɗaya kwanon ta sa ya zuba madara a kan gwaiduwa, da narkakken bota, da sukari kaɗan. Ya tankaɗe fulawa da bekin foda da ɗan gishiri a kai. Ya juya, ya juya, sai ta ce ya isa.

Baba ya leƙa kwanon ya ɓata rai. Ya ce gudaji ne fal a ciki. Da lebura ne ya kawo masa irin wannan kwaɓi a kwanon sarki, da yau ya bar aiki.

"Ka bar su, Baba. Za su narke da kansu a wuta. In ka ƙara juyawa tauri zai yi."

Ya ajiye cokalin, amma ana gani an san ransa bai so ba.

Cukun irin mai laushi ne, ta ce ya marmasa da yatsa, kada ya dame shi, a bar shi gutsi-gutsi yadda mai ci zai riƙa tsintarsa. Ya yanka ayaba da tuffa ƙanana. Nan ma ya nuna halinsa, kowane yanki daidai da ɗan'uwansa, yana cewa tsakuwa in ba ta zama girma ɗaya ba kankare ba ya kyau. Ta bar shi da wannan, don ba ta ga illarsa ba.

Saura haɗa kumfa da kwaɓi. Ta ce ya ɗebi kaɗan ya fara sassauta kwaɓin, sannan ya juye sauran. Ba bugu, ba damu. Ya sa cokali ta ƙasa ya ɗago sama a hankali, kamar mai juya jaririn da ke barci. Baba ya duƙufa yana yi, har da ɗan harshe a waje. Kwaɓin ya kumbura ya yi sauƙi, yana motsi a kwano kamar mai numfashi.

Ta ce ya rage wuta. Ya rage. Ta ce ya ƙara ragewa. Ya ce wannan ai fitila ce ba wuta ba. Ya shafa bota a kasko, ya zuba ludayi guda, ya rufe da murfi kamar yadda ta ce.

Sai jira. Kicin ɗin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗan sautin bota, da munsharin Gwaggo daga ɗaki.

Ƙamshin ya fara tashi. Baba yana tsaye ya ba ta baya, ta ga kafaɗunsa sun sauka.

"Gwaggonki rabin gaskiya ta faɗa," ya ce. "Ciki ba komai ba ne, na yi shekaru ina cin abincin bakin aiki ban mutu ba. Wannan ƙamshin ne. Duk Asabar in na ji shi daga ɗaki, sai in ɗan ƙara kwanciya, in ce uwarki tana kicin. Na san ke ce, amma ina bari na ɗan lokaci. In kin tafi, ita ma ta tafi ke nan gaba ɗaya."

Auta ta kifa kai a gwiwa. Kukan da ta yi a ƙofar gida jiya wasa ne a kan wannan.

"Baba, ka kashe wutar nan. Na ce ba zan tafi ba. Wallahi ba na jin haushinka. Mu zauna yadda muke."

"Mu zauna yadda muke har yaushe? Har ki yi furfura kina raba mini ƙwai?" Ya share fuska da gefen hannu, fulawa ta ƙara shafuwa. "Uwarki ma daga nesa na ɗauko ta. Ubanta ko hanyar garinmu bai sani ba. Ya dube ni da ƙurar siminti a kai, ya ba ni. Jiya na kwanta ina tuna fuskarsa, kunya ta hana ni juyi. Goge idonki ki faɗa mini, me zan yi yanzu?"

Ta miƙe, ta leƙa daga inda take. Ya ɗaga murfi. Saman ya yi ƙananan idanu, gefen ya bushe. Ta ce yanzu ne, ya zura cokali ta ƙasa ya kifa shi sau ɗaya.

Ya kifa. Bayan ya yi ja kamar zuma.

Kafin ta ƙifta ido ta ga hannunsa ya ɗaga cokalin, ya juya bayansa, yana saukowa zai danne. Ba da niyya ba ne. Hannun da ya yi rayuwarsa yana shafe bango ba ya ganin abu mai tudu ya ƙyale.

"Baba, hannunka."

Ya tsaya cak, cokalin na shawagi a saman fanken.

"Ajiye cokalin. Mayar da hannuwanka baya."

Ya ajiye. Ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, kamar ɗalibin da aka kira gaban aji. Su biyun suka zuba wa kasko ido.

Fanken ya fara ɗagowa. A hankali, tsakiya ta taso, gefe ya biyo, ya yi kauri, ya yi tudu, wani guntun cuku ya leƙo ta gefe yana narkewa. Baba ya sauke shi a faranti, ya sa yatsa ya taɓa saman. Ya lotsa, ya dawo. Ya yage shi biyu, tururi ya fito, cikin duk ƙofofi ne, ga ayaba ta yi laushi ga tuffa da sauran ɗan ƙarfinta. Ya miƙa mata rabi ta saman bakin ƙofa.

Ta ci. Gishirin ya ɗan yi yawa, amma ko kusa ba ta faɗa ba.

"Ya ɗauka?" ya tambaya.

"Ya ɗauka, Baba."

Ya sauke wani dogon numfashi. Ita kuwa ta koma kan kujera ta zauna, tana jin kamar an sauke mata buhu daga ƙirji. Ta cinye rabin nan tas, ta ji ya zauna.

*

Gwaggo ta fito ta tarar an shirya tebur, ga shayi, ga zuma, ga faranti biyu a rufe. Ta buɗe na kusa da ita, aka yi rashin sa'a na tayal ne. Ta gatsa, ta dafe muƙamuƙi. Ta ce ga irinta nan, soyayya ta lalata wa yarinya hannu, abin da take yi kamar auduga yau ya koma tafin takalmi.

Baba ya ce aikinsa ne. Ya buɗe ɗaya farantin ya tura mata, ya ce wannan ma aikinsa ne.

Gwaggo ta dubi gemunsa, ta dubi farantin, ta dubi Auta. Tsohuwa ce mai wayo, ba ta buƙaci ƙarin bayani ba, amma duk da haka ya faɗa mata a fili.

"Yaya, na ba Dogo."

Ta yi faɗa, ba za a ce ba ta yi ba. Ta ce da wane ido za ta kalli Mai Kemis, ta ce fanke ɗaya ba ya riƙe mutum mako guda, ta ce dama tun suna yara taurin kan Baba ya fi na jaki. Tana faɗan tana zuba zuma. Kafin ta kai ƙarshen maganar ta gama da na farko ta jawo na biyu, muryar kuma ta sauka. Daga baya ta ce to, tunda abin ya zama haka, a faɗa wa yaron nan ya nemi sabulun kirki kafin ranar biki.

Baba ya ce maganar Mai Kemis a bar masa. Mutumin da ya yi ta zirga-zirga a kan lafiyarsa bai kamata ya ji a bakin 'yan layi ba. Ya wanke fuska, ya canza riga, ya sa fanke biyu masu kyau a faranti ya rufe.

Yana sa takalmi Auta ta zo ta durƙusa kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, tsakaninka da Allah, da bai tashi ba fa?"

Ya gama ɗaura igiyar takalminsa kafin ya amsa.

"Da na je shago na sayo wani ƙwan."

Ya ɗauki farantinsa ya fita.

Auta ta shiga ɗaki ta ɗauko waya, ta kira Dogo. Sai ta ji ƙarar waya a bayan katangarsu. Ashe tun da gari ya waye yana nan yana kai da kawowa, ya kasa ƙwanƙwasawa, ya kasa tafiya. Ta ce masa ya shigo ya karya, Baba ne ya yi girki. Ya ce ta sake faɗa. Ta sake faɗa, wannan karon da sauran labarin. Abin da ya iya cewa kawai alhamdu lillahi, ya maimaita, ya sake maimaitawa.

Dogo ya tafi ranar Litinin kamar yadda aka tsara, da maganar aure a hannu. Bayan 'yan watanni ya dawo aka yi biki, ya tafi da matarsa. Auta ta sami koyarwa a wata makaranta kusa da tashar, yanzu suna da 'ya'ya biyu, duk hutu suna zuwa gida a jirgi. Mai Kemis ya ji zafi, ya yi kwanaki ba ya fara'a, daga baya ya auri wata ma'aikaciyar jinya, suna zaune lafiya, shagon ma ya zama biyu. Gwaggo ta ce ba za ta bar ƙaninta shi kaɗai ba, ta kwaso kayanta ta tare a ɗakin Auta, suna faɗa safe da yamma, ba mai iya rabuwa da wani. Baba Magini ya ajiye aikin gini, lafiyarsa ƙalau, kuma shi ke yi musu girki.